Jan Fenti a Bangon Shago

Akwai wani mai sayar da lemo da ruwan sanyi a unguwar Jikwoyi, sunansa Zakariyya. Mutum ne mai baki. Ko zancen ƙwallo ake ko na siyasa, shi ke yanke hukunci, kuma ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba".

Wata rana ma'aikatan hukuma suka shafa jan fenti a bangon shagunan layinsu, alamar za a rushe. Hankalin kowa ya tashi. Zakariyya ya gyara zama a kan benci ya ce, "Barazana ce kawai. Wallahi ko bulo ɗaya ba za a taɓa ba. Ni na gaya muku."

Alhali babu abin da ya sani. Daɗin yadda ake zuba masa ido ne ya ɗebe shi.

Friday, telan da ke maƙwabtaka da shi, ya matso jiki a sanyaye. Kekunan ɗinki biyu ne duk abin da ya mallaka, ga ankon bikin mutane jibge a shago.

"Oga Zakariyya, in kwashe kaya ne? Madam, matata, ta ce in kwashe."

"Tsoronka ya yi yawa. Bar kayanka."

Friday ya yi ajiyar zuciya, ya koma bakin aiki.

Amma maganar ba ta zauna a zuciyar mai ita ba. Da asuba Zakariyya ya kira mota ya kai firjinsa gidan ƙanensa, ya kulle shago ya ce zazzaɓi yake yi. Ya so ya gaya wa Friday, sai ya tuna rantsuwar da ya yi a gaban jama'a. Kunya ta rufe masa baki.

Ranar da katafila ta zo, Friday ya tafi kasuwar unguwar Gudu sayen zare. Ya dawo ya tarar da kekunansa a lanƙwashe ƙarƙashin bulo, ankon mutane ya cakuɗe da ƙasa.

Bai yi kuka ba. Ya daɗe yana kallon inda shagon Zakariyya yake, babu firji, babu ko kwalba ɗaya.

"Oga, ashe ka cire naka," ya ce a hankali wa Zakariyya, wanda ya zo ganin rusau ɗin. "Ni na yarda da maganarka fiye da kai."

Zakariyya ya durƙusa ya fara zaro ankon daga cikin ƙasa.

Darasi: Kada ka rantse a kan ra'ayin da kai kanka ba za ka ɗora kayanka a kai ba, domin wani zai ɗora rayuwarsa. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Ku tura wa 'yan majalisarku ta hira, musamman mai yawan cewa "ni na gaya muku".