Direban Da Ya Ari Jinin Ƙaninsa

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum, direba ne a wani kamfani. Shi ke kwaso ma'aikata da safe a doguwar mota, ya mayar da su da yamma. Shekara goma sha huɗu yana kan sitiyari, ko katangar wani bai taɓa gogewa ba. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, da uwa tsohuwa, da ƙane guda ɗaya tak, tela, wanda suka fito ciki ɗaya. Kamarsu har ta ɓaci. Masu kai ɗinki sukan tare direban a hanya su ce, "Malam, wai ina wandona ne?"

Mutumin nan yana da ciwon suga da hawan jini. Daga shi sai matarsa suka sani. Maganin ma a cikin tsohuwar safa yake ɓoye shi a aljihun mota, don yana tsoron ranar da manaja zai ji a karɓe masa makulli.

Ana nan sai wani abokin aikinsa ya faɗi ya mutu. Ba a yi wata uku ba mai gidan haya ya fitar da iyalin mamacin, aka jibge musu katifa da tukwane a bakin titi. Direban ya gani da idonsa ta gilashin mota. Daga ranar ya ƙudura zai nemi inshorar rai, irin wadda mutum ke zuba wani abu duk wata, in ya mutu a ba iyalinsa abin da za su tsaya da ƙafarsu.

Ban zo yau don in yi muku fatawa kan inshora ba. Wannan ku je ku tambayi masana, su nuna muku tsarin da ya halatta. Tausayin iyali kuwa ba laifi ba ne. Maganata a kan abin da ya biyo baya take.

Direban ya shiga ofishin inshorar da tsakar rana. Wata ma'aikaciya ta miƙa masa fom da biro. Ya yi ta cikewa har ya iso layin da aka tambaya ko yana da wata cuta da yake shan magani a kanta. Sai biro ya tsaya.

Ya ce, "Baiwar Allah, in mutum yana da suga fa? Wani abokina ne ya ce in tambaya."

Ta yi murmushi ta ce, "Ka gaya wa abokin naka kada ya ji tsoro. Muna da tsarin masu suga da hawan jini. Zai kawo takardar likitansa, zai ɗan ƙara abin da yake zubawa, shi ke nan. Kuma sirrinsa ba ya fita daga ɗakin nan. Amma ya faɗi gaskiya, don in ya ɓoye, ranar da iyalinsa suka zo karɓa ba abin da za a ba su."

Kun ji fa. An buɗe masa ƙofa, an nuna masa hanya da yatsa. Ƙarin da ake magana bai kai abin da yake ƙonawa a katin waya ba. Amma ya ce a ransa, ni za a tatsa? Ni za a rubuta a takarda cewa majinyaci ne? Ya danna biro ya rubuta "babu".

Sai aka ce to, ga ranar da zai je asibiti a ɗebi jininsa a gwada.

Nan Shaiɗan ya matso kusa da kunnensa. Da ya tashi aiki bai zarce ko'ina ba sai shagon ƙaninsa. Ya same shi a kan keke, tef a wuya, yana kafa hannun riga. Ya ce masa ranar kaza zai je asibiti a madadinsa da katin shaidarsa, ya amsa sunansa, ya miƙa hannu a ɗebi jini.

Telan ya ɗage ƙafa daga keken. Ya ce, "Yaya, wannan ba ha'inci ba ne?"

Direban ya daka masa tsawa. "Kai za ka koya mini halal da haram? Wa ya saya maka keken da kake takawa? 'Ya'yana ba 'ya'yanka ba ne? Ɗigon jini kawai na roƙe ka!"

Ƙanen ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Yaya. Zan je."

Ya je kuwa. Hoton katin tsoho ne, kama kuma ga ta. Ba wanda ya ɗaga ido sau biyu.

Bayan mako uku wasiƙa ta iso. A cikin mota ya buɗe ta, a filin ajiye motoci, yana jiran ma'aikata su fito. Wasiƙar ta ce ba za a iya karɓarsa yanzu ba, domin gwaji ya nuna cutar hanta a jininsa, kuma ana ba shi shawara ya ga likita ba tare da jinkiri ba.

Kun san abin da ya fara zuwa masa? Haushi! Haushin dabararsa ta rushe. Sai da ya gama tsaki sannan hankalinsa ya dawo: jinin nan ai ba nasa ba ne.

Washegari ya je shagon da wasiƙar a aljihu. Ya tarar da telan yana ta dariya da wani mai kawo ɗinki, zare a baki, ƙalau da shi. Ya tsaya a ƙofa yana lissafi. In na ba shi takardar nan zai kai wa likita. Sunana ne a kai. Za a tambaya. Magana za ta koma ofishin inshora, daga can ta isa kamfani, a tono sugan, a karɓe makulli. Kuma wa ya sani, ƙila na'urar ce ta yi kuskure. Dubi yadda yake cin abinci kamar ba gobe.

Ƙanen ya ce, "Yaya, lafiya? Yaya maganar gwajin nan?"

Ya ce, "Na fasa. Maɓallin rigata ne ya cire."

Maɓalli, ya jama'a! Ran ɗan'uwansa yana cikin aljihunsa, shi kuma ya miƙa maɓalli!

Ya ce a ransa zai gaya masa wata mai zuwa. Watan ya zo ya wuce. Ya kai wasiƙar gida ya cusa ta ƙasan akwatin takardu. Shekara biyu yana zama da ƙaninsa a tabarma ɗaya, suna sa hannu a kwano ɗaya. Ya halarci sunan 'yar telan ta fari, ya ɗauke ta, ya yi mata addu'a. Duk lokacin da telan ya ce gajiya ta yi masa yawa kwanan nan, sai ya ce, "Zaman keke ne, ka riƙa miƙe ƙafa." Wace irin zuciya ce wannan? Dutse ma in ka daɗe kana zuba masa ruwa yana laushi a sama.

Sai idon telan ya koma rawaya. Ciki ya kumbura, ƙafafu suka cika har takalmi ya daina shiga. Aka kwantar da shi. Likita ya tara dangi a gefen gado ya ce hantar ta riga ta lalace. Ya ce cutar nan in an gano ta da wuri akwai maganin da ke riƙe ta shekara da shekaru, amma yanzu an makara. Ya ce a gwada kowa a gidan.

A daidai kwanakin nan matar direban tana neman takardar haihuwar ɗansu a akwati, sai ta ci karo da wasiƙar. Ta karanta, ta ga sunan mijinta, ta ga cutar hanta. Ta ɗora hannu a ka. Ta ɗauka mijinta ne ke ɗauke da ciwon yana ɓoye mata don kada hankalinta ya tashi. Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi asibiti. Ta shiga ɗakin, ga surukarta a kujera, ga matar telan da goyo, ga mijinta a tsaye, ga likita yana duba ƙarin ruwa.

Ta ce cikin kuka, "Likita, ka taimake ni, shi ma maigidana yana da ita! Ga takarda, shekara biyu yana ɓoyewa!"

Likitan ya karɓa ya duba. Ya ce, "Ai jiya muka gwada shi, ba shi da ita. Jinin wa aka gwada a nan?" Ya karanta sunan asibitin da kwanan watan da ƙarfi.

Telan ya juyo da kai a hankali, da idanun nan nasa rawaya, ya ce, "Yaya, ba ranar da ka aike ni ba ce?"

Sai ya ƙara jefo masa wata tambayar.

"Ka sani? Tun lokacin?"

Bai jira amsa ba. Ya juya fuskarsa bango. Kwana goma sha tara ya ƙara a duniya, kuma duk sanda yayansa ya shigo, bangon yake kallo. Sakamakon gwajin matar telan ya fito, ita ma tana ɗauke da cutar.

Bayan an share makoki, tsohuwar ta kira direban. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ba zan tsine maka ba, don ni na haife ka. Amma 'ya'ya biyu nake da su, kuma duka biyun na rasa. Tashi ka ba ni wuri."

Magana ta fita, ta isa kamfanin da yake ta gudun ta isa. Manaja ya ce wanda zai iya ɓoye wannan ba za a damƙa masa rayukan mutum arba'in ba. Aka karɓe makulli. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu, ta ce ba za ta iya haɗa ido da matar mamacin ba muddin tana ƙarƙashinsa. Ya daina kula da magani, sugan ya ci ƙafarsa ta dama, wadda yake taka totur da birki da ita, aka yanke ta daga gwiwa. Yanzu yana wani ɗaki na haya shi kaɗai. Ya aika wa uwarsa mutane sau uku. Ta karɓe su da mutunci, ta ba su ruwa, ta sallame su.

To ku saurare ni. Ciwo ba abin kunya ba ne, jarrabawa ce. Ƙarya ita ce abin kunya. Wanda ke da cuta a cikinku yana neman abin da zai bar wa iyalinsa, ya faɗi ciwonsa da bakinsa, ya nemi tsarin da ya dace da shi, ya biya abin da ya sawwaƙa da gumin halal. In wannan ofis ya ƙi, ya tambayi na gaba. Me za ka bar wa marayunka da takardar da aka gina kan ha'inci? Kuma kai da ke zaune nan kana riƙe da wata magana da ran wani ya rataya a kanta, kana cewa sai gobe, wa ya ba ka goben? Tashi ka faɗa yau, ko da za ta ci mutuncinka. Mutunci yana dawowa. Wanda aka binne ba ya dawowa.

Ya Allah ka tsare harsunanmu daga ƙarya da shirun zalunci. Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, ka jiƙan waɗanda suka riga mu, kada ka sa mu zama sanadin hawayen iyayenmu. Allah ka kiyashe mu, mu da zuriyarmu. Amin.