Buhu Biyu Masu Funfuna

An yi wani mutum mai shagon hatsi. Wata rana da hantsi, ruwa ya ɗauke bayan kwana uku yana zuba, ya buɗe sito sai wari ya tare shi tun daga bakin ƙofa.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ya iya sana'arsa, wannan ba a musu. Ƙwayar masara ɗaya zai sa a haƙori ya gaya maka kwana nawa ta sha rana. Shekara ashirin ba a taɓa dawo masa da kaya ba, kuma duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya sha wannan labari. Sauran 'yan layin kuwa, 'yan koyo yake ce musu.

Da ya duba, sai ga buhu biyu na masara da aka ajiye a ƙasa ba katako sun ja danshi. Funfuna ta hau su, kore-kore, tana tashi kamar toka. Ita wannan aba a cikin ƙasa take, laima kawai take jira.

Ƙaninsa da suke aiki tare ya ce, "Yaya, mu fitar da su mu ƙone."

Ya ce, "A tsakiyar layi? Mai shinkafa yana zaune yana kallona? Ja mana ƙofar nan."

Buhu biyu ne fa. Me za su rage shi da shi? Amma ya gwammace komai da a ce kayansa sun lalace. Ya farke su, ya raba masarar kwano-kwano cikin buhu sittin masu lafiya, ya ɗinke, ya ce ai ta ɓace.

Ba ta ɓace ba. Sito a rufe, damina tana zuba. Bayan mako uku wani mai gidan kaji ya sayi buhu talatin, kajinsa suka fara mutuwa. Ya dawo da sauran, ya sauke a tsakiyar layin, yana farkewa ɗaya bayan ɗaya jama'a na kallo. Jami'an lafiya suka kwashe na sito, suka sa kwaɗo.

Haka girman kai yake, 'yan uwa. Kunyar safiya ɗaya ya guda, ya zubar da sunan shekara ashirin. Laifin da aka ɓoye ba mutuwa yake ba, yaɗuwa yake.

Ran nan da mai shagon zai tafi gida, hularsa ta faɗi cikin taɓo. Wani mai tura baro ya ɗauka, ya goge da rigarsa, ya miƙa masa. Ya karɓa ya wuce, ko kallonsa bai yi ba.

Allah ya kiyaye mu, ya sauƙaƙa mana faɗin "na yi kuskure".