Makullin Ɗakin Na'ura

Tunda kun zo gaisuwar arba'in, ku ɗan zauna ku taya ni warware abin da maigidana, marigayi Malam Haladu, ya bar mini.

Lokacin da gwamnati ta kafa cibiyar kwamfuta ta ƙasa, shi aka ba riƙonta. Na'ura ɗaya ce tal, ta kai rumbu girma, ba ta karɓar aiki sai ta katuna masu huji. Da mulki ya sauya, sabon minista ya ce ɓarnar wuri ce. Ya aiko cewa ranar Laraba zai zo, in ba ta fitar da sakamakon jarrabawar ɗalibai a gabansa ba, a rufe, ma'aikata arba'in su koma gida.

Ranar da safe injin sanyaya ɗakin ya mutu, ita kuwa na'urar, da zarar ta ji zafi sai ta tsaya. Tanko mai gyaran wuta ya jiƙa buhuna ya rataya a tagogi, ya kunna fankoki a bayansu, yadda ake sanyaya randa a ƙauyensu. Ɗaki ya yi sanyi.

Sai Haladu da kansa, garin sauri, ya kifar da akwatin katuna dubu biyu, alhali ko ɗaya ya bar gurbinsa aikin ya lalace. Asabe mai huda katunan ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗaga ƙafarka." Ashe kullum takan ja layin tawada a karkace a gefensu, abin da ya sha yi mata faɗa a kai wai ƙazanta ce. Layin ta bi ta fara jerawa.

Ba ta gama ba minista ya iso. Baba Ilu maigadi ya san mahaifiyar ministan ba ta daɗe da rasuwa ba. Ya tare shi a ƙofa: "Ya haƙuri, ranka ya daɗe?" Ya ɗaga hannu ya kama addu'a, ma'aikata suka jeru kowa da tasa. Wane ɗa ne zai sauke hannu ana roƙa wa uwarsa gafara? Kafin a shafa, takardu sun fara fitowa.

Cibiyar nan ita ta ciyar da mu shekara talatin, Allah ya saka musu. Da ciwo ya tsananta, Haladu ya damƙa mini tsohon makullin ɗakin, ya ce, "Ki ba wanda ya cece mu." Bai faɗi suna ba.

Duka ukun suna raye. To, Tanko zan ba, ko Asabe, ko Baba Ilu?