Manajan da Bai San Sunan Maganinsa Ba

Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, gari ya waye da yayyafi. A kan bencin asibiti akwai wani manaja zaune, ya dafe kai.

Wata biyar ke nan da ya saki matarsa, bayan shekara ashirin da biyu da aure. Washegarin sakin ya rina gemu, ya shiga ofis yana fito. Da ya ga direbansa ya rame saboda rabuwa da tasa matar, sai ya ce a gaban kowa, "Ƙato da kai, kana kuka a kan mace? Dube ni, na koma saurayi."

Saurayin nan fa ba ya barci. Abinci sai na leda, a tsaye a kicin. Sau biyu yana ƙara wa bel ɗinsa huda, yana cewa motsa jiki ne. Da jiri ya kayar da shi a matakala, direban da ya wulaƙanta ne ya kwaso shi zuwa asibiti.

Nas ta gyara tabarau ta ce, "Baba, wane maganin hawan jini kake sha?"

"Wani fari, ɗan ƙarami."

"Rabinsu farare ne, Baba. Akwai wanda jikinka ba ya so?"

"Akwai wanda ya taɓa kumbura ni, saura kaɗan in tafi. Sunan... ita ce ta sani."

"To, kira ta mana."

Ya kira. Ta toshe lambarsa. Ya kira babbar 'yarsu, ba ta ɗauka ba. Likita ya ba shi abin da zai ɗan riƙe shi, ya ce lallai ya nemo sunan.

A mota direban ya ce, "Ranka ya daɗe, ai gidan waya na nan."

Wasiƙar farko ta fara da "Na yafe miki." Ko shi da ya karanta sai da ya ji kunya. Kwana uku yana rubutawa yana yagawa, kafin ya iya rubuta wannan: "Maman yara, ba ni da lafiya. Ashe ke ce ke riƙe da ni. Ki taimaka mini da sunan maganin nan, kuma ki yafe mini."

Da kansa ya bi layi a gidan waya, ya miƙa ta.

Darasi: Rabuwar aure tana cin jiki, tana cin zuciya, kuma rina gemu ba ya maganinta. Kada ka yi wa mai wannan ciwo dariya. In kai ne, ka faɗi gaskiya, ka ga likita. Ku tura wa wasu su karanta.