Tulun da Aka Hana Numfashi

An yi wata tsohuwar Bushiya mai haƙuri da ke zaune a gindin kanya, can bakin rafi. Maƙwabcinta Kurege ne, wanda bai taɓa yarda wani ya fi shi sanin komai ba.

A zamanin da, uwar Bushiya kan tsima ruwan kanya a tuluna biyu, dabbobin unguwa su taru a inuwa su sha, ana hira har rana ta yi sanyi. Uwar ta daɗe da rasuwa, amma duk sa'ad da Bushiya ta tuna ɗanɗanon nan, sai kewa ta cika mata zuciya.

Ana nan, sai gara ta ci kanyar, iska ta kayar da ita. 'Ya'yan da ta zubar su ne na ƙarshe. Bushiya ta san in waɗannan suka lalace, ita da tsimin uwarta sai dai a mafarki.

Kurege ya taya ta tsinta, don haka aka raba biyu. Ya kuma matsa mata sai da ta ara masa ɗaya daga tulunan uwarta, ba don ranta ya so ba.

Bushiya ta matse ruwan kanyarta a tulu, ta liƙe bakin da laka. Ta soka wa lakar karan ganyen gwanda, mai rami a ciki, ta lanƙwasa ɗaya bakin cikin ɗan ƙoƙon ruwa. Sannan ta ajiye tulun a inuwa, bisa jiƙaƙƙen yashi.

"Iya, wannan wane irin tsirfa ne?" in ji Kurege.

"Haka Inna take yi, Allah ya jiƙanta. Tsimi numfashi yake. Iskarsa ta fita ta cikin ruwa, ta waje kuma ba ta samun hanyar shiga. Kuma ba ya son zafi."

"Ba ya son zafi! Me ke nuna a duniyar nan in ba da zafi ba? Ku dai tsofaffi, komai sai kun ja shi."

Ya sa nasa karan da ƙoƙon don kada a ce bai iya ba, amma ya ɗora tulun a kan dutse, tsakiyar rana.

Kwana biyu, ƙoƙon Kurege ya kama ɓul-ɓul-ɓul kamar tukunya a kan murhu. Na Bushiya kuwa sai can ka ji ɓul ɗaya.

"Iya, naki ya mutu ne? In kawo likkafani?"

Maganar ta sosa wa Bushiya rai. Kullum da safe takan ƙara ruwa a ƙoƙo, ta yayyafa wa yashi, ta kasa kunne. In ta ji ɓul ɗin nan, sai ta ga kamar uwarta ce ke zaune a wurin, tana korar ƙuda.

Shi kuwa gogan naka, rana ta shanye ruwan ƙoƙonsa ƙaf, ƙananan ƙudaje suka yi layi a bakin kara. Bushiya ta ce, "Ɗan nan, zuba ruwa, ka kai tulun inuwa."

"Ni ba ɗan aiken tulu ba ne! Ke ba ki ga daɗin ne ke tsiyayewa ta karan nan ba? Nawa ba zai fita ko'ina ba."

Ya zare karan, ya toshe ramin da laka tam. Ya kuma zagaya gari yana gayyata: jibi kowa ya zo ya sha tsimin da ya fi na uwar Bushiya.

Ranar ta zo, aka taru. Kurege ya hau dutse, ya daki tulu don a ji yadda ya cika. Ai kuwa sai tau! Tulu ya tarwatse, ruwa mai ɗoyi ya wanke shi daga kunne har jela. Aka yi ta dariya, har da masu faɗuwa.

Bushiya kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta bi tana tsince gutsattsarin tulun uwarta, hawaye na zuba.

Bayan mako uku ƙoƙonta ya yi shiru, alamar tsimi ya nuna. Ta fasa laka, ta kurɓa. Shi ne! Ɗanɗanon nan ne sak, ba abin da ya ragu.

Ta kira unguwa aka zauna a kan gungumen kanyar. Kurege ya raɓe can nesa, jela a ƙasa. Ta ɗiba a ƙoƙo ta miƙa masa.

"Sha a hankali," ta ce. "Daga wannan babu wani."

Darasin wannan labari shi ne, sauri kan haifi nawa, kuma wanda ya ce ba zai bari komai ya fita ba, shi ke rasa duka. Abin da magabata suka bar mana, mu tambayi dalilinsa kafin mu raina shi.