Sunayen da Salifou Bai Duba Ba

A Zangon Sokodé an yi wani tela mai suna Salifou, ɗan wani ƙauye kusa da Dapaong. Yana son itatuwa, wannan ba mai musu. Abin haushi da shi, bakinsa ya fi ƙafarsa aiki. In ya fara bayanin yadda saran daji ke gajarta damina, keken ɗinkinsa sai ya huta har la'asar.

A shekarun da ƙasa ta rikice da yajin aiki da zanga-zanga, masu gawayi suka samu sake, suka far wa daji. Kurmin ɗorawa na ƙauyensu ne ya rage, inda yayarsa Memounatou da sauran mata ke samun kalwar daddawa. Da zaɓen depite, wato ɗan majalisa, ya matso, ɗan takara ɗaya ya yi alkawarin tsare kurmin. Ɗayan kuwa manyan masu gawayi ne ke bayansa.

Salifou ya tara 'yan garinsu ashirin da shida da ke zaune a Sokodé don su zaɓi mai kare kurmin, duk a gida suka yi rajista. Aka ji an kafa jerin sunayen masu zaɓe a Dapaong, wanda bai ga nasa ba ya kai kuka kafin mako biyu.

"Ku zauna kan sana'arku," in ji Salifou. "Ni zan je in duba na kowa."

Bai je ba. Yau ya ce sojoji sun tare hanya, gobe ya ce ɗinkin salla ya yi masa yawa. Memounatou ta aiko direba ya gaya masa sunaye da yawa ba sa cikin jerin. Ya yi tsaki, wai mace da ba ta karatu me ta sani da takarda.

Awal mahauci ya tsaya a ƙofar shagonsa. "Malam Salifou, ka dubo mana kuwa?"

"Tun yaushe. Komai daidai."

Wallahi wannan ƙaryar ta fi lalacin ba ni takaici.

Ana gobe zaɓe suka cika mota, suka sha shingen sojoji har Dapaong. Da safe malamin zaɓe ya bi jerin da yatsa, ya sake bi. Mutum biyar ya samu, Salifou ba ya ciki.

"Kowa ya san ni a garin nan," in ji Salifou.

"Takarda ba ta san ka ba. An rufe gyara tuni," in ji malamin.

Awal ya dubi Salifou, ya koma cikin mota ya zauna.

Mai kare kurmin ya faɗi da ƙuri'u kaɗan, ba su kai yawan 'yan garin da aka mayar ba su jefa ƙuri'a ba. Kafin ruwan fari, gatari ya shiga ɗorawa. Da Salifou ya je gida gaisuwa, hayaƙin gawayi ya tarar. Memounatou ba ta yi masa faɗa ba. Ta ƙulle masa daddawa a ganye, ta ce, "Ka ci a hankali, ƙanena. Ita ce ta ƙarshe daga kurminmu."

Mai karatu, son ƙasa da itatuwanta ba ya ƙarewa a baki. In zaɓe ya matso, tashi da ƙafarka ka duba sunanka tun da sauran lokaci. In ka ɗauki amanar jama'a ka kasa, faɗi gaskiya da wuri, don wani ya je.