Jakin da Aka Liƙa wa Kilishin Cindo

An ce wai a wani gari da ake kira Tudun Gwaza an yi wani mahauci, Cindo Mai Kilishi, wanda ya gaji wuƙa da kyakkyawan suna daga ubansa. Duk mai tafiya, ko aikin Hajji ko ziyarar surukai, sai ya biya rumfarsa ya ƙulle tsaraba. Da waya ta shigo gari, Cindo bai yi gardama da zamani ba. Kullum in ya gama gashi sai ya ɗauki hoton kilishinsa ya saka a zauren waya na mutanen garin, inda sama da mutum ɗari bakwai ke haɗuwa.

Rumfar da ke jikin tasa ta Jatau ce, wanda suka koyi fiɗa tare a hannun mutum ɗaya. Jatau ya ga masu saye suna wuce shi, hassada kuwa ba ta san zumunci ba. Bai ce uffan ba. Sai dai duk sa'ad da Cindo ya saka hoto, shi kuma ya liƙa ɗan hoton jaki a ƙarƙashi, cikin 'yan hotunan nan da ake kira imoji. Kwana tara yana haka. A rana ta goma mata na faɗa wa juna a bakin famfo wai kilishin Cindo naman jaki ne, Sarkin Fawa kuma ya dakatar da shi daga mayanka.

Cindo ya kai ƙara gaban Alƙali Malam Mu'azu, dattijon da ba ya gaggawa. Aka kira shaidu, alƙali ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko sun ji Jatau ya faɗi wata magana, ko sun ga ya rubuta ta. Kowa ya rantse bai ji ba, bai gani ba, kuma gaskiya suka faɗa. Jatau ya gyara zama ya ce shi dai mutum ne mai son dabbobi, hoto kuwa ba shi da baki, a nuna masa inda doka ta hana son jaki. Aka yi dariya a kotu, dariyar da ta yi wa Cindo ciwo fiye da rashin cinikin.

Alƙali ya karɓi wayar Cindo ya duba, sannan ya ce lalle ba a hukunta mutum a kan maganar da bai faɗa ba. Cindo ya sunkuyar da kai, yana tuna yadda ubansa ke ƙin yanka ko da akuya mai tari.

Sai alƙali ya ci gaba: “Amma tunda kana son jaki, Jatau, kotu ba za ta raba ka da abin da kake so ba. A kira mai fenti ya zana wannan hoton, babba, a saman rumfarka, ya zauna kasuwa bakwai. Ba za a rubuta ko harafi ɗaya ba.”

Jatau ya miƙe zumbur. “Allah ya gafarta Malam, ai kashe ni za a yi. Wa zai sayi nama a rumfar da aka zana wa jaki? Kowa cewa zai yi shi nake yankawa.”

“To ashe hoton yana da baki,” in ji alƙali, “kuma ka san abin da yake faɗa tun kafin ka aike shi. Wanda ya nuna da yatsa da wanda ya faɗa da harshe, ɗan aike ne kawai ya bambanta. Shaidu ba su ji ka ba, amma yanzu kotu ta ji ka.”

Aka kama shi da laifin ɓata suna, aka ci shi tara, aka sa ya rubuta neman gafara a zauren da ya yi ɓarna. Sarkin Fawa ya mayar da Cindo mayanka a ranar.

Cindo ya koma rumfarsa yana zaton an gama. Amma jaki kowa ya gan shi, neman gafara kuwa doguwar magana ce, kaɗan ne suka tsaya karantawa. Da lokacin tafiyar alhazai ya zo, ya yi kilishin bijimi guda kamar yadda ya saba, ya zauna yana korar ƙudaje. Masu wucewa suna gaishe shi, suna taya shi murnar cin shari'a, su wuce gaba su saya. Wata tsohuwa da ta shekara ashirin tana sayen kilishinsa ta tsaya ta dube shi da tausayi, ta ce ita ta yarda da shi, sai dai 'ya'yanta sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin damina ta faɗi Cindo ya naɗe wuƙar ubansa a tsumma, ya rufe rumfar.

Shi ya sa masu hankali ke cewa, alƙali na iya kama wanda ya jefa ƙazanta a rijiya, amma ba zai iya sa mutane su koma shan ruwanta ba.